Ranar da Na Yi wa Bushiya Aski

Mirela ce ta ce kada in faɗa wa yarinyar, ni kuma na ce to. Wannan "to" ɗin shi ya hana ni zama wuri ɗaya tun daga farkon zafi har ƙarshensa.

Mirela 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Tana Italiya, a wani gari kusa da Padova, tana jinyar wata tsohuwa mai ciwon mantuwa. Ta tafi tun Otilia ba ta iya ɗaure igiyar takalmi ba, ta bar mini ita da sunan shekara ɗaya. Yanzu ga Otilia ta doshi goma, ta kusa kamo ni tsawo. Uban yarinyar ba zancensa zan yi ba. A layinmu na ƙarshen gari, can wajen kogin Siret, ba ni kaɗai ba ce, kusan duk gidan da ka leƙa kaka ce da jika. Iyayen sai watan Agusta suke zuwa, titi ya cika da motoci masu lambar ƙasashen waje, a yi ta bukukuwan aure a jere, a ci a sha a yi faɗa, sannan su kwashe su koma.

Ranar da Mirela ta bugo waya ina cikin lambu ina ɗaure tumatir. Ta ce ta sami ɗaki da falo nata na kanta, 'ya'yan tsohuwar sun tsaya mata an gama takardu, har ta nema wa Otilia makaranta.

"Bana da ita zan dawo nan, Mama," in ji ta. "Amma ki bar ni in faɗa mata da bakina, ina kallonta tana kallona. Kada ta ji a waya, kada ta ji a wurinki."

Me zan ce? 'Yarta ce, kuma don ita ta je tana wanke tsohuwar wasu. Na ajiye wayar na ci gaba da ɗaure tumatir, har na ɗaure wanda ba ya bukata. Daga nan aiki ya yi mini kaɗan. Na sauke labule na wanke, bayan mako guda na sake saukewa na wanke. Na shafe kejin kaji da farar ƙasa. In Otilia ta zauna kusa da ni sai in tuna akwai wani abu a kan wuta, ko da babu.

Ita kuwa hankalinta duk yana kan bikin littattafai. Malama Doina ta ɗakin karatun gari ce take shirya shi kowace shekara, kuma da gangan take sa shi a Agusta don iyaye su same shi. A lambun gari ake yi, a ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan da ke gaban coci. A kafa rumfuna, a jera littattafan yara a kan tebura, masu wasan 'yar tsana su zo daga birni, marubuta su zo su karanta wa yara abin da suka rubuta. Ranar ƙarshe, Lahadi, ita ce ta gida: yaro da babba ɗaya daga gidansu su hau dandamali su ba da tatsuniya tare. Otilia ba ta taɓa hawa ba, don duk shekara uwarta takan iso bayan an tashi. Bana Mirela ta yi alkawarin za ta zo da wuri, sai yarinyar ta je ta ba da sunayensu.

Tatsuniyar ita ta ƙirƙira da kanta. Wai wata bushiya ce aka gayyata bikin zomo, ta ga kowa gashinsa lallausa, sai ta je wurin wanzami a yi mata aski. Otilia ce bushiya, uwarta wanzami. Kullum da yamma, in Mirela ta kwantar da tsohuwarta, sai Otilia ta jingina waya da kwalbar zuma a kan teburin cin abinci su yi ta gwaji. Ina yanka albasa ina jin su. In Mirela ta yi kuskure Otilia ta ce a sake daga farko, ba ta da sassauci ko kaɗan.

Ranar Asabar da yamma ya kamata bas ɗin da Mirela take ciki ya iso. Na yi farfesun kaza, na gasa burodi mai cuku irin wanda Mirela take so. Sai waya: suna iyakar Hangari, layin motoci ba a ganin ƙarshensa, duk Romaniyawan duniya ranar suka ga damar dawowa gida. Da asubar Lahadi ta sake bugowa, murya a dishe. Sun tsallake, amma taya ta fashe, kuma har yanzu ba su hau duwatsu ba. Ta ce direba ya rantse za su iso kafin la'asar. Tatsuniyar gida kuwa da azahar ake farawa.

Na shiga coci, ban iya tsayawa har ƙarshen addu'a ba. Na kunna kyandir na fito ta ƙofar gefe, na nufi tasha, alhali na san babu abin da zan tarar.

Grigore na tarar. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki amma ya kasa rabuwa da tasha. Yana zaune a inuwa da kofin gahawa, hularsa a kan gwiwa.

"Profira, in kin gama auna titin nan ki faɗa mini tsawonsa," ya ce. "Tun ɗazu nake ganinki kina kai da kawo kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai."

Na ce masa ya ji da gahawarsa. Ya ce ai shi ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa: Lahadi ce, Agusta ne, kowane ƙauye akwai jerin gwanon motocin biki, ga manyan motoci a kan dutse suna rarrafe. In bas ɗin ya iso kafin a naɗe kujeru, shi zai cinye hularsa. Na ce Allah ya sa ya ci, in zuba masa gishiri. Ya yi dariya, sannan ya tambaye ni yaushe za a dawo masa da baronsa.

Na ce wane baro?

Ya ce jikata ta shigo da sassafe ta ara, shi ya ɗauka ni na aiko ta.

Ban tsaya amsa shi ba. Na bi ta bayan kasuwa na gangara lambun gari, zufa tana bin bayana a cikin rigar coci. Wurin ya cika. Yara sun zazzauna a kan barguna, wani saurayi mai jan hanci yana tafiya a kan dogayen sanduna suna binsa, mai dafaffiyar masara yana ta kira, iyayen da suka dawo suna ɗaukar hoto da waya, suna yi wa 'ya'yansu magana rabi da harshenmu rabi da na can. Na kutsa ina neman kan Otilia, na yi karo da wata mata har askirim ɗinta ya zube, ban ma ba ta haƙuri yadda ya kamata ba.

A wajen teburin musaya na gan ta. Tebur ne da yaro zai kawo littafin da ya gama ya ɗauki wani. Ga baron Grigore a gefenta, saura kaɗan ya zama wayam. Littattafanta ne, dukansu, waɗanda uwarta take saya mata duk zuwan da ta yi, da waɗanda na saya mata a bikin nan shekara da shekaru, har da mai hoton jirgin ƙasa da ta tauna gefensa tana yarinya. Ba musaya take ba. Rabawa take, kuma ba kai-tsaye ba, sai ta dubi yaro ta zaɓa masa. Na ji tana ce wa wani ɗan maƙwabta kada ya buɗe na dodon kogi in zai kwanta, shi da yake fitsarin kwance.

Na riƙe hannun baron na tambaye ta me take yi haka.

Ba ta ɗago ba. "Ba za su shiga bas ba, Kaka. Akwati ɗaya direba yake yarda wa yaro."

Na saki hannun baron. Na ja ta bayan rumfa, inda aka tara kwalaye, na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce Sabina, ƙawarta, wadda uwarta take aiki a ofishin makaranta. Tun kafin a yi hutu Mami, haka take kiran Mirela, ta nemi takardun canjin makaranta, uwar Sabina ta yi zancen a gida, Sabina ta kawo mata a filin wasa. Wato duk tsawon zafin nan da nake guje mata, tana sane.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Ke me ya hana ki?" Ta goge hancinta da bayan hannu. "Na ga kina ta wanke labule. Na ce bari in ƙyale ki."

Na zauna a kan wani kwali, ya lotsa da ni. Na tambaye ta ko tana son tafiyar. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba ta sani ba, wani lokaci tana so, in ta tuna akwai teku kusa. Wani lokaci kuma in ta farka sai ta ji ba ta so. Sai ta tambaye ni ko bas ya zo, na ce tukuna, ta ce dama ta sani, ta koma wurin baronta.

Aka fara tatsuniyar gida. Malama Doina ta zo da gilashinta a saman kai, ta ce ta mayar da su Otilia ƙarshe, ko Allah zai sa. Na zauna a kujera, na tashi. Na je bakin titi na leƙa, na dawo. Wani uba da ɗansa suka ba da labarin kifi mai tari, wata kaka da tagwaye suka yi na injin niƙa, ban fahimci ko ɗaya ba. Iska ta taso daga wajen kogi, tana ɗaga rufin rumfuna, masu littattafai suna danne shafuka da duwatsu. Hadari ya haɗo a yamma. Na bugi Mirela, ta ɗauka, ta ce sun sauko daga dutse, sai layin ya yanke. Na sake bugawa ban samu ba.

Da ya rage saura mutum biyu kafin su, Malama Doina ta durƙusa gaban Otilia ta ce ko a kara waya a bakin lasifika Mami ta yi wanzamin daga cikin bas? Aka gwada, waya ba ta shiga. Ta ce to ita za ta yi wanzamin, a faɗa mata kalmomin da sauri. Otilia ta girgiza kai, ta ce ai an ce babba daga gida.

"Kaka ta iya," ta ce. "Kullum tana ji."

Na ce a'a. Ni da na yi rayuwata a masana'antar ɗinki, kaina a sunkuye kan keke, ko a taron iyaye na makaranta ban taɓa ɗaga hannu ba. Na ce ga rigata duk zufa, na ce haƙorina ɗaya na gaba ya fita, na ce uwarta za ta ji haushi. Otilia ba ta roƙe ni ba. Ta ɗauko rigar ƙayar da muka ɗinka da tsinken sakace da tsohon buhu, ta saka, ta miƙo mini almakashin kwali, ta tsaya tana kallona. Aka kira sunayensu, nata da na uwarta. Ban san lokacin da na bi ta ba.

Daga kan dandamali mutane sun fi yawa. Na hango matar da na zubar wa askirim, na hango limamin coci da jikokinsa, na hango matan layinmu sun dafe baki suna jira. Otilia ta fara, muryarta ras, ta faɗi yadda aka aiko wa bushiya goron gayyata, yadda ta dubi kanta a ruwan rijiya ta ji kunya. Sannan ta juyo gare ni, ta ƙwanƙwasa iska.

"Sannu da aiki, wanzami. Aski nake so, irin na zomo."

A gwajinsu, nan wanzami zai rusuna ya ce maraba da babbar baƙuwa, ya kawo kujera. Na sani sarai. Amma da na buɗe baki babu ko ɗaya a kaina. Na dube ta cikin buhun nan, ƙafafunta duk ƙujewar hawan bishiya, sai na ji bakina yana cewa, da irin muryar da nake korar kaji:

"Aski? Wa ya ce miki ƙayar nan ta dami wani? Koma gida ki zauna, ba inda za ki."

Yara suka fashe da dariya. Otilia ta harare ni, hararar da na san ta tun tana cikin zani. Amma ba ta daburce ba. Ta riƙe ƙugu ta ce ita fa sai ta je, an riga an gayyace ta, kuma in wanzami ba ya son aiki ya faɗa, akwai wani a gaba. Na ce babu wani wanzami a garin nan sai ni. Ta ce to a fara. Na ɗaga almakashin kwali, mutane suka ƙara dariya. Almakashi ya karye kamar yadda aka tsara. Na ɗauko mataji, ya karye. Sai kuma na tsaya, na manta abin da yake biye. Wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai rufin rumfa yana kaɗawa.

Daga can baya wata murya ta ce, "Wanzami, in aska ta gaza ina da zarto a gida."

Grigore ne. Jama'a suka juya suna dariya, ni ma na duba. Yana tsaye a gindin bishiya da ƙaton akwati a kafaɗa, kusa da shi kuma Mirela, da wani akwatin a hannu, gashinta a hargitse, rigarta a yamutse. Ta rame. Na ɗaga almakashin da ya karye na yi mata alamar ta hau, wurinta ne. Ta girgiza kai, ta yi mini nuni da hannu in ci gaba.

Otilia ma ta gan ta. Na ga idonta ya je can ya dawo. Ba ta tsaya ba, sai ma ta ƙara ɗaga murya. Ta ciyar da ni kalmomin a hankali ta gefen baki, ni kuma ina maimaitawa: wanzami ya gaji, ya fita bayan shago, ya tsinko furanni da 'ya'yan inabi, ya soka ɗaya-ɗaya a kan kowace ƙaya. Bushiya ta je biki a haka, kowa ya zagaye ta, har amarya ta roƙi a tsinkar mata. Aka tafa sosai. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan hannuna muna saukowa.

Na zaci yarinyar za ta ruga ta faɗa jikin uwarta kamar kowace shekara. Tafiya ta yi a hankali, ta tsaya gabanta, ta ce sannu da hanya. Mirela ta rungume ta, tsinken sakace suna sukar hannunta, ba ta saki ba. Ta yi ta cewa ta yi kyau, ta ji ƙarshen, a yafe mata, laifin taya ne. Tana cikin haka wani yaro ya wuce da littafi a hammata, ta bi shi da kallo. Wata yarinya ta wuce da wani. Ta gane su, ai ita ta saya. Ta dubi baron da babu komai a ciki, sannan ta dube ni.

Ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya don mutane. "Kin faɗa mata."

Na ce ban faɗa ba.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Mama. Ɗaya. Kin yi mata wanka, kin kai ta makaranta, haƙorinta na farko a hannunki ya fita, yau ma ke kika hau. Wannan kaɗai na ce ki bar mini."

Raina ya ɓaci. Na ce mata na riƙe bakina har ya kusa kashe ni, in tana neman mai laifi ta nemi wanda ya aika neman takardu a garin da in ka yi atishawa a kasuwa za a yi maka sannu a tasha. Na ƙara da wasu maganganun da bai kamata ba, a kan shekara ɗayar da ta zama bakwai. Ita ma ta mayar mini. Grigore ya ajiye akwati ya shiga duba sararin sama kamar bai taɓa ganin hadari ba.

Otilia ce ta raba mu. Ta zo ta tsaya tsakani, har yanzu da rigar ƙaya, ta ce Sabina ce, tun kafin hutu, Kaka ba ta ce komai ba. Mirela ta dube ta. Sai ta zauna a kan akwati a tsakiyar lambun gari, mutane suna gudu da kujeru da kwalaye, ta rufe fuska da hannu biyu. Na lura ƙafafunta sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse a ciki. Otilia ta tsaya tana murza gefen buhu, ba ta san abin yi ba. Can ta tsuguna ta kwance wa uwarta takalman, ta riƙe su a hannu.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Muka loda akwatunan a baro, Grigore yana turawa yana mita wai shi direban babbar mota ne aka mayar ɗan dako. Mirela ta taka har gida ba takalmi.

Da ta yi wanka na tuƙa tuwon masara, na ɗumama farfesun jiya. Muka zauna mu uku. Ban yi zaton za ta sake tayar da zancen ba, amma ta ajiye cokali, ta juya kujerarta ta fuskanci yarinyar, ta faɗa mata komai daga farko kamar ba ta sani ba: ɗakin, makarantar, ranar tafiya. Otilia ta bar ta ta gama. Sannan ta shiga tambaya. Tagar ɗakin ina take kallo? Tsohuwar tana duka? In ba ta gane abin da malamar aji ta ce ba za a yi mata dariya? Mirela ta amsa wasu, wasu ta ce ba ta sani ba. Daga ƙarshe ta tambaya ko Kaka za ta zo.

Mirela ta ce akwai kujera mai buɗewa ta zama gado a falo, ta saya ne da ni a ranta. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Na ce kaji fa, da inabin da bai nuna ba, da kabarin mijina da ba mai share shi sai ni? Ta ce ba yanzu ba, in sanyi ya shigo. Na ce za mu gani. Na tashi na kwashe kwanuka tun ba su gama ba.

Sauran kwanakin suka wuce da gudu. Uwa da 'ya suka yi ta zagayen sallama, gidan ƙanwar mijina, gidan malamar aji, bakin kogi da Sabina. Sun yi faɗa sau da yawa, a kan kitso, a kan wace riga za a ɗauka, a kan lokacin barci. Duk lokacin da Otilia ta juyo gare ni neman in shiga, sai in fita lambu. Ba sauƙi, amma na fita. Wata rana da rana na leƙo ta taga na gan su kwance a kan bargo a gindin tuffa, Mirela tana koya mata sunayen abubuwa da harshen can, yarinyar tana gyara mata yadda ake riƙe kyanwa.

Ranar tafiya tasha ta cika da irinmu. Direba yana faɗa da kowa a kan kwalaben miyar barkono da tsiran alade, wai motarsa ba kanti ba ce. Sai da suka hau suka zauna na tuna. Na buga gilashin da tafin hannu har Mirela ta sauko. Na ce mata yarinyar tana amai a mota in an hau dutse, kada ta bar ta ta kalli waya, ta zaunar da ita wajen taga, ta ba ta lemon tsami ta riƙa shinshina. Mirela ta ce ba ta sani ba. Na ce ina za ta sani, ba su taɓa doguwar tafiya tare ba. Na ruga teburin mai kayan miya da ke bakin tasha na karɓo lemon tsami biyu, na danna mata a hannu. Ta riƙe hannuna tare da lemon, ta ce, "Sai me kuma, Mama? Faɗa mini da sauri." Na faɗa mata abin da ya zo bakina: ba ta cin ƙwai in ruwa-ruwa ne, in ta yi shiru da yawa zazzaɓi ne yake zuwa, tana tsoron karnuka amma ba za ta taɓa faɗa ba. Direba ya danna ƙaho. Mirela ta hau tana maimaitawa.

Otilia ta manna goshi da gilashi. Ba ta yi kuka ba, ni ma na daure har motar ta sha kwanar gidan mai.

Ban nufi gida ba. Na bi ta kasuwa, ban sayi komai ba, na gangara bakin kogi, na dawo ta bayan makaranta. Da na iso layinmu rana ta karkata, kaji suna ta ƙara a bakin keji don ban ba su komai ba tun safe. Na watsa musu masara. Ina cikin haka waya ta yi ƙara a aljihuna. Mirela ce, ta ce sun fara hawa dutse, yarinyar ta yi amai sau ɗaya amma yanzu ta yi barci a kan cinyarta, ita kuma ƙafarta ta mutu, tana tsoron motsawa kada ta tashe ta.

Na ce ta zare ƙafar a hankali ta sa mata jaka, ba za ta farka ba, barcinta nauyi gare shi.